Diyyar Ma'aikacin da Ya Ji Rauni: Inda Haƙƙin Yake Maƙalewa

Idan inji ya cinye yatsun ma'aikaci a wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa, ko lebura ya rikito daga saman gini, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Abokan aiki su ɗaure wurin da tsumma, a tare Adaidaita Sahu a nufi asibiti. Helma ya kira mai gida a waya, mai gida ya aiko da kuɗin ɗinki da na magani. Idan mutumin kirki ne, bayan kwana biyu ya zo dubiya da kansa, ya miƙa 'yan dubbai, ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Dangi su yi godiya, a ce ai Alhaji ya yi ƙoƙari. Albashi ya ci gaba da zuwa wata ɗaya ko biyu, daga nan ya ɗauke. An sa wani a kan injin tun washegari. Shi kuwa mai raunin, wanda hannunsa ne jarinsa, ya koma zaman ƙofar gida.

Duk wanda ke cikin wannan labari yana ɗaukar abin da aka bai wa ma'aikacin a matsayin taimako. Dokar Najeriya ba haka ta ɗauke shi ba. A wurinta bashi ne da ma'aikacin yake bi, kuma abin da ta ƙayyade ya ninka abin da ake miƙawa a gefen gadon asibiti sau da yawa.

Kafin 2010, dokar da ke aiki ita ce ta 1987, wadda ta ɗora biyan diyya a wuyan mai kamfani shi kaɗai, a biya a dunƙule sau ɗaya: albashin wata 42 idan ma'aikaci ya rasu, na wata 54 idan ya nakasa gaba ɗaya. Matsalar wannan tsari a fili take. Wanda zai biya daga aljihunsa shi ne ya fi kowa dalilin musanta cewa hatsarin ya faru a bakin aiki. Idan kamfanin ya durƙushe, kamar yadda masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta durƙushewa, diyyar ta bi shi. A watan Disamban 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta sauya tushen lamarin. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a wani asusu da ke hannun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata. Idan hatsari ya auku, asusun ne zai biya. Ba sai ma'aikaci ya je kotu ya tabbatar da cewa sakacin mai gida ne ya jawo ba. Abin da ake nema kawai shi ne raunin ya samo asali daga aikin ko ya faru a cikinsa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. A kisan kuskure, shari'a ba ta bar diyya a kan mutum ɗaya ba, ta rarraba ta a kan aƙila, wato danginsa, don kada nauyin ya karya shi kuma kada iyalan mamaci su tashi a tutar babu. Asusun diyya haka yake aiki: masu kamfanoni da yawa su haɗa kaɗan-kaɗan, ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗaya, abin da aka tara ya ɗauki nauyin.

Kuɗin ma ba wani abin tayar da hankali ba ne. A mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kashi ɗaya cikin ɗari Naira 700 ne a wata kan kowane ma'aikaci. Mai gidan burodin da ke da mutum goma zai biya Naira 7,000. Doka ta haramta a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don biyan wannan kuɗi. Abin da ake samu a madadinsa kuwa mai nauyi ne. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, iyalin suna da kashi 90. Idan ɗa ɗaya ne, kashi 85. Kason yara yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko. Akwai kuɗin magani, da na gyaran gaɓɓai kamar ƙafar roba, da koya wa mai rauni wata sana'ar da jikinsa zai iya. Dokar ta haɗa har da hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa daga gida zuwa aiki ko dawowa, da raunin ji da ƙarar inji ke jawowa, da taɓuwar hankali sakamakon wani mummunan abu da ya faru a wurin aiki.

Sashen da na fi so mutane su sani shi ne inda dokar ta fayyace wane ne ma'aikaci. Ba ta ce sai mai takardar kama aiki ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida muddin ba ɗan gidan ba ne, ta kuma ce ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni da na ƙananan sana'o'in da ba su da rajista. Sojoji ne aka ware. Yaron bakanike a garejin Ƙofar Ruwa, da mai yi wa Hajiya wanke-wanke, da leburan da ake sallama kullum da yamma, duk suna ciki a rubuce.

To me ya sa da wuya ka ga wanda ya san wani da aka biya?

Dalili na farko yana cikin kwanakin farko bayan hatsari. Doka ta ce ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, su sanar da mai gida cikin kwana 14, a faɗi suna da lokaci da wuri da irin raunin. Shi kuma mai gida ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Neman diyyar kansa ana shigar da shi cikin shekara ɗaya, sai da uzuri mai ƙarfi ake ƙarawa zuwa uku. A waɗannan kwanaki mai rauni yana kwance, iyalinsa suna fafutukar neman jini da kuɗin tiyata, ko suna zaman makoki. Babu mai tunanin takarda. Wanda kuma doka ta ɗora wa kai rahoto, sau da yawa shi ne wanda bai taɓa yi wa ma'aikatansa rajista ba. Rahoton da zai kai tamkar tona wa kansa asiri ne. Sai ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya kira dattawan gidan a ce a sasanta. Dokar ta hango wannan, ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai gida ta yafe haƙƙinsa na diyya ɓatacciya ce, ba ta da tasiri. Amma mutumin da bai san yana da haƙƙi ba, bai san ya yafe komai ba.

A nan ne batun ƙaddara yake shigowa, kuma ina ganin ana zaluntar kalmar. Yarda da ƙaddara tana kwantar wa mai rauni hankali, wannan alheri ne. Amma idan mai masana'anta ya cire murfin da ke kare bel ɗin inji don aiki ya yi sauri, ko ya ƙi gyara wayar lantarkin da aka yi ta yi masa magana a kanta, sannan ya zo yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya mayar da imanin talaka garkuwar sakacinsa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Addinin da ya wajabta diyya a kan kisan kuskure bai ɗauki karɓarta rashin tawakkali ba. Akwai kuma kunya: wanda ya samo maka aikin ƙanin mahaifinka ne ko maƙwabci, kai mai gida ƙara kamar watsa masa ƙasa a ido ne. Masu ɗaukar aiki sun san wannan sarai.

Dalili na biyu shi ne yadda aka gina tsarin a kan jadawalin albashi, a ƙasar da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da takarda. Ɗan dako a Dawanau ba shi da albashin wata, buhu ake ƙirga masa. Mai fasa dutse tifa ake ƙirga masa. Wa zai biya musu kashi ɗaya, kuma na nawa? Hatta manyan masana'antun da ke da rajista sun samo hanyar zillewa. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, sai aka koma sallamar mutane kafin wa'adin a sake ɗaukarsu, ko a miƙa ɗaukar leburori ga ɗan kwangila. Mutum ya shekara biyar yana shiga ƙofa ɗaya kullum, ranar da ya ji rauni a ce ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangila ne. A ɓangaren gwamnati ma, jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba sa zuba wa ma'aikatansu wannan kuɗi, alhali masu kwasar shara da ma'aikatan kashe gobara da na asibiti suna ƙarƙashinsu. Kamfanoni da yawa kuwa ba sa tunawa da NSITF sai ranar da suke neman kwangilar gwamnatin tarayya, saboda ana tambayar takardar shaidar biya.

Ita ma hukumar tana da nata nauyin. Hukumar EFCC ta gurfanar da wasu tsofaffin shugabanninta a kan zargin karkatar da biliyoyin Nairori. A watan Agustan 2022, lokacin da kwamitin Majalisar Dattawa ya nemi takardun kashe kuɗi na sama da Naira biliyan 17, bayanin da ya fito daga shugabancin hukumar shi ne ruwan sama ya bugi kwantenar da aka ajiye su, mai yiwuwa ma gara ta cinye. Hukumar ta fito daga baya tana gyara maganar, amma ta riga ta shiga kunnen jama'a. Mai kamfanin da dama yake neman hujjar ƙin biya ya samu. Wanda ya yi asara a ƙarshe ba shi ba ne, gwauruwar da aka bari da marayu ce.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan rauni ne, wanda ake gani da ido. Babbar ɓarnar tana wani wuri. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda aikinsu. Daga ciki, kimanin 330,000 ne hatsari ke kashewa. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce. Wato a duk mutum ɗaya da gini ya danne ko inji ya kama, akwai kusan takwas da aiki ya ci sannu a hankali.

Cutar aiki ba ta da rana, ba ta da shaidu. Mai fasa dutse yana shaƙar ƙura mai laushin da ido ba ya gani, tana sauka can ƙasan huhu tana mayar da shi tabo. Shekara goma ko sha biyar sai numfashi ya fara gaza masa a ɗan hawa kaɗan. Ba a warkar da wannan ciwo, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, don haka sau da yawa a asibiti tarin fukan ake gani a ba da maganinsa, ba a tambayi mutumin sana'arsa ba. Mai injin niƙa yana yini cikin ƙarar da ta wuce 85 a ma'aunin ƙarfin sauti (decibel), adadin da masana suka sa a matsayin iyakar awa takwas; kurumcin yana zuwa a hankali, a ce tsufa ne. Ma'aikatan majemun zamani suna tsoma hannu cikin ruwan sinadarin kuromiyom, wanda ke cin fata ya haƙa gyambo. Mai walda da ke kare ido da baƙin gilashin kasuwa yana kwana da raɗaɗi kamar an zuba masa yashi. Mai feshin gona yana goya tanki mai yoyo a baya cikin rana, babu takunkumi, babu safar hannu, ya gama ya ci abinci da hannun. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka shekara ashirin cikin ƙurar auduga, kamfanonin sun rufe, tarin bai rufe ba. Dokar 2010 tana da jadawalin cututtukan aiki da ake biya a kansu. Amma kafin a biya, sai likita ya haɗa cutar da aikin, kuma likitocin da suka ƙware a wannan fanni 'yan kaɗan ne. A layin asibitin gwamnati, inda likita ɗaya ke ganin gomman mutane kafin azahar, tambayar "wane aiki kake yi, shekara nawa?" ba kasafai take samun wuri ba.

Zamfara ta nuna mana cewa haɗarin aiki ba ya tsayawa a kan ma'aikaci. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinaren da ake haƙowa cike suke da dalma. Maza su kawo su gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta taɓa su, wasu ta bar musu lahani a ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Bagega. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Rafi na Jihar Neja. Waɗannan yara ba sa cikin jadawalin albashin kowa. Haka waɗanda rami ya rufta da su a Garin Liman kusa da Ɗan Issa a Jihar Maraɗi a Nuwamban 2021, ko a Galkogo ta Shiroro a Yunin 2024. Mai rami, da mai ba da kuɗin haƙa, da mai sayen zinaren, kowa yana da kaso a riba, amma ranar da ƙasa ta zabtaro ba a samun wanda zai amsa sunan mai gida.

Diyya dai bayan ɓarna take zuwa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me zai sa mai kamfani ya kashe kuɗi don kada ɓarnar ta faru. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi bayani dalla-dalla: a killace sassan inji masu juyawa, a samar da iska da haske, a bar hanyar fita idan gobara ta tashi, a ajiye akwatin taimakon gaggawa, a ba da kayan kariya. Sai dai tarar da ke cikinta ta zamanin da Naira ke da daraja ce. Idan saɓa dokar ya jawo mutuwa ko rauni, tarar ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. Ƙin kai rahoton hatsari kuwa Naira 1,000. Yau hular kwano da takalmin aiki na mutum ɗaya sun fi ƙarfin wannan tara. Duk mai lissafin riba zai ga abin da ya fi araha. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin sabuwar dokar lafiya da kariyar ma'aikata a 2012, bai zama doka ba. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago kuwa ba su da yawan da zai zagaya, kuma dokar da suke aiki da ita masana'anta ta sa a gaba, ba gona ko kasuwa ko bakin titi ba.

Sakamakon wannan rauni mun gan shi. A Satumban 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, Legas, ma'aikata da dama suka ƙone saboda an kulle su ta waje. Bayan shekara 18, a Yunin 2020, 'yan sanda suka fito da sama da mutum ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, Kano, inda ma'aikatan suka ce an hana su fita na tsawon watanni lokacin kullen korona. Da wuta ta tashi a can, da labarin Ikorodu aka maimaita. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu masu aikin gini, kuma tun a ranar farko aka rasa mai iya faɗin takamaiman adadin mutanen da ke ciki, saboda leburan yini ba a rubuta sunansa.

Akwai wani makami a cikin dokar 2010 da ba a zare shi yadda ya kamata ba. Kashi ɗaya cikin ɗari an sa shi ne a matsayin mafari na shekaru biyun farko. Daga nan hukuma tana da ikon karkasa sana'o'i gwargwadon haɗarinsu, ta kuma ƙara wa kamfanin da hatsari ya yi yawa a cikinsa. A ƙasashen da tsarin ya daɗe, kamar Jamus da ta fara inshorar hatsarin aiki tun 1884, wannan ne ke sa mai masana'anta ya gyara injinsa: kowane rauni yana ƙara masa kuɗin da zai biya. Idan banki da kamfanin fasa dutse suna biyan kaso ɗaya, mai kula da mai sakaci ma kaso ɗaya, to asusun yana biyan jinya ne kawai, ba ya hana komai. A ganina gyaran wannan, tare da ɗaga tarar 1987 zuwa abin da zai ji a jiki, ya fi duk wani taron wayar da kai da ake yi ranar 28 ga Afrilu, Ranar Lafiya da Kariyar Ma'aikata ta Duniya, amfani.

Shi kuma ma'aikaci, kafin a kai ga wannan gyara, takarda ce ke tsakaninsa da haƙƙinsa. Sanarwar kwana 14 ta kasance a rubuce, ko da saƙon waya ne, a ajiye kwafi. A asibiti a faɗa wa likita cewa a bakin aiki abin ya faru, a roƙe shi ya rubuta hakan a kati. A riƙe rasit, da katin shaidar aiki, da saƙon shigar albashi daga banki, da sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu. Karɓar kuɗin magani daga hannun mai gida ba ya soke diyya, amma kada a sa hannu a kan takardar da ba a karanta ba. Idan wani na daban ne, ba mai gida ko abokin aiki ba, ya jawo raunin, doka ta ba mai rauni zaɓi tsakanin karɓar diyyar asusu da shigar da ƙara a kansa, ba a haɗa biyun, kuma zaɓin yana da wa'adin wata shida. Idan hukuma ta yanke abin da bai gamsar ba, akwai kwana 180 na neman ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da Kaduna.

Mutum ɗaya da ke kwance da karaya ba zai iya bin wannan layi shi kaɗai ba, kuma a nan nake ganin ƙungiyoyin sana'a suna zaune a kan damar da ba su taɓa ba. Direbobi, da makanikai, da masu walda, da birkiloli, da 'yan dako, kowannensu yana da ƙungiya mai shugaba da sakatare da littafin karɓar kuɗin mako. Su ne kaɗai ke da abin da NSITF ta rasa: sunayen mutane, da inda suke aiki, da ƙiyasin abin da suke samu. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin tikiti kullum a tasha tana iya zama da ofishin hukumar na jiharta ta nemi a yi wa 'ya'yanta rajista a dunƙule, ta kuma ware mutum ɗaya da aikinsa shi ne rubuta kowane hatsari a ranar da ya faru, ya kai sanarwa kafin kwana 14 su cika.